Za mu kai 'yan badujalar makarantarmu Turai: ta ina zan fara shirya yara da iyayensu?

Tambayar ta fito ne daga wani matashin malami da ke kula da 'yan badujala a wata sakandare mai zaman kanta a Gombe. Ga ta a taƙaice: "Baba, an aiko mana da gayyata zuwa wani bikin kiɗan matasa a ƙasar Holan a watan Yuli mai zuwa, saura wata goma. Yara 28 muke son kaiwa, tara daga ciki mata ne. Shugaban makaranta ya ce in ninka atisaye. Iyaye kuwa wasu suna murna, wasu sun yi gum. Ta ina zan fara?"

Malam, Allah ya sanya alheri, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Waɗanda suka yi gum ɗin nan su ne babban aikinka, amma bari in bi da kai a hankali.

Na riƙe 'yan badujala tun Gombe tana ƙarƙashin Bauchi, kafin a ba ta jiha a 1996, kuma sau uku na fita waje da yara: sau biyu Ghana, sau ɗaya Jamus. A duk ukun kiɗa bai taɓa hana ni barci ba. Yaron da ya iya tsayuwa awa uku cikin ranar Mayu a filin wasa na Pantami yana jiran a kira makarantarsu, ya kuma shiga fili bai ɓata taku ba, zai iya kiɗa a ko'ina. Abin da ke kashe irin wannan tafiya yana cikin fayil, yana cikin aljihu, yana kuma cikin zuciyar uban da bai ce uffan ba a taro, sai ana saura mako biyu ya aiko cewa 'yarsa ba za ta je ba. Ka gaya wa shugaban makaranta cikin ladabi cewa atisaye yana nan yadda yake. Lokacin da ake son ƙarawa a ba takardu da iyaye.

Kafin ka tara kowa, ka tabbatar gayyatar ta gaskiya ce. Bukukuwa irin wannan suna nan da yawa. Garin Kerkrade na Holan ɗin yana shirya babbar gasar 'yan badujala tun 1951, kusan duk bayan shekara huɗu, Landan ma tana da faretin sabuwar shekara tun 1987 wanda makarantun Amurka ke cikawa. Sunayen irin waɗannan ne 'yan damfara ke ara su buga a kan takarda mai ƙyalli. Kada ka kira lambar da ke jikin wasiƙar. Ka nemo shafin bikin da kanka a intanet, ka rubuta musu ta adireshin da ke can, ka tambaye su ko sun san makarantarku. In sun amsa, sai tambaya ta biyu: wa zai biya jirgi, wa zai biya masauki da abinci da motar da za ta riƙa ɗaukarku? A wurinmu wanda ya gayyace ka shi ke sauke ka, kai baƙonsa ne. A can sau da yawa gayyata izini ce kawai na ka zo ka biya da kanka. Duk ejan da ya ce a tura kuɗin rajista cikin asusun wani mutum, ko ya rantse maka biza tana hannunsa, ka yi masa godiya ku rabu.

Daga nan sai takardu, kuma a wannan makon nake nufi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane yaro ya kawo takardar haihuwarsa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da takardar NIN ɗinsa, da shaidar iyayensa. Ka shimfiɗa su a tebur tare da rajistar makaranta, ka ɗauki biro ka bi harafi bayan harafi. Za ka sha mamaki. Lokacin tafiyarmu ta Jamus fiye da rabin yaran sai da aka yi musu gyara. Akwai yarinyar da take Hauwa'u a takardar haihuwa, Hauwa a makaranta, Kulu a katin asibiti, ga shekarar haihuwa iri biyu domin an rage mata ɗaya lokacin shiga firamare. Muhammad da Mohammed da Muhammed a wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin kwamfuta mutum uku. Yanzu fasfo daga NIN yake ɗauko bayanansa, abin da ke can shi zai fito a nan, saboda haka a ofishin NIMC ake fara gyara, kuma gyaran ba ya ƙarewa a yini ɗaya.

Akwai kuma yadda muke sa suna. Yarinya tana amsa sunan mahaifinta na yanka a matsayin sunan ƙarshe, shi kuma mahaifin yana amsa sunan kakanta ko na garinsu, Kumo ko Dukku ko Bajoga. Ma'aikacin ofishin jakadanci zai duba fasfon 'ya da na uba ya ga ba su gama sunan ƙarshe ba. Takardar haihuwa mai ɗauke da cikakken sunan uwa da uba ita ce ke haɗa su, shi ya sa ba na son takardar rantsuwa ta kotu a madadinta sai in babu yadda za a yi.

Abin da ya fi wannan sarƙaƙiya shi ne yaran riƙo. Cikin 28 ɗin nan na tabbata akwai wanda ke hannun baffansa ko gwaggonsa tun yana goye, akwai wanda iyayensa suka rabu uwar ta yi aure a wani gari, akwai maraya. Ofishin jakadanci yana neman amincewar uwa da uba su biyun a rubuce, da kwafin shaidarsu. In ɗaya ya rasu, takardar shaidar rasuwa. In riƙo ne, takardar kotu da ta nuna wane ne waliyyi. Wannan magana ce mai taɓa sirrin gida, kada ka yi ta a bainar jama'a. Ka je gidan da kanka bayan la'asar. Na taɓa tafiya har wani ƙauye bayan Deba don neman sa hannun wani uba da ya yi shekara shida bai ga ɗansa ba. Ya sa hannun, amma sai da muka sha fura muka yi awa biyu ana maganar da ba ta shafi badujala ba ko kaɗan.

Fasfon yaro mai shafi 32 ne, na shekara biyar, kuma tun Satumban 2025 kuɗinsa a hukumance naira 100,000 ne. Biza kuwa ta Shengen za ku nema, tunda Holan tana cikin wannan rukuni na ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya. Ana iya shigar da takardu tun ana saura wata shida, kuma a farkon lokacin nake so ka shigar. A ƙa'ida kwana 15 ne a ba da amsa, amma yana iya kaiwa 45. Kuɗinta Yuro 90 ga wanda ya kai shekara 12, kuma ba a mayarwa in an hana. Dokarsu ta yafe wa ɗalibai da malaman da ke rakiyarsu wannan kuɗin idan tafiyar ta karatu ce, sai ka tambaya a rubuce ko taku ta shiga sahun. Dole kowa ya sami inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, fasfo kuma ya rage masa aƙalla wata uku bayan ranar fitowarku. Ga abin da makarantu ke mantawa a lissafi: duk wanda ya kai shekara 12 sai ya je da kansa an ɗauki zanen yatsunsa. Ma'ana za ka kwashi yaran nan a mota ta Bauchi da Jos zuwa Abuja, ku kwana, ku ci, ku dawo, tun ba a san ko za a samu ba.

Ka faɗa wa iyaye wannan ƙarara: ana iya hanawa. A 2023 da 2024 sama da kashi 40 cikin ɗari na 'yan Najeriya da suka nemi bizar Shengen ba su samu ba. Ana iya ba yaro ashirin a hana takwas, kuma mai riƙe babbar ganga yana iya faɗawa cikin takwas ɗin. Don haka kowane muhimmin gurbi ya zama yana da mutum biyu da suka iya shi. 'Yan aji shida kuma ka cire su tun yanzu, ko da za su yi kuka. Jarrabawar NECO tana shiga Yuli, kuma yaron da ya gama makaranta ba shi da abin da zai nuna wa ofishin jakadanci cewa zai dawo dominsa.

Kuɗi. Ka yi lissafinka da Yuro da Dala, sannan ka juya shi zuwa naira ranar biya. Wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a hukumance a watan Mayun 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024 ba zai yi wa iyaye alkawarin adadi da naira wata goma kafin tafiya ba. A buɗe asusu na musamman, sa hannu biyu, ɗaya na makaranta ɗaya na wanda iyaye suka zaɓa a tsakaninsu. A riƙa zubi wata-wata kamar adashe. A rubuta tun ranar farko abin da za a mayar da abin da ba za a mayar ba idan an hana biza, ko yaro ya kwanta ciwo, ko uba ya fasa. Tikiti kuma kada a biya shi duka sai biza ta fito.

Za ka tarar cewa gwanin kiɗanka ɗan mai facin taya ne, wanda bai taɓa riƙe sandar ganga ba kuma ɗan Alhaji ne mai son zuwa Turai. Ra'ayina a nan ba ya canzawa: wanda ya yi atisaye shi ke tafiya. Kuɗin marasa ƙarfi a nema wurin tsofaffin ɗalibai da masu hali, a kuma nema da sunan ƙungiya, kada a riƙa yawo da sunan yaro ana nuna talaucin gidansu.

Sannan a-cusa-mini-suna zai zo, ba makawa. Wani babba zai kira ya ce a sa ƙaninsa a matsayin mai ɗaukar hoto. Wani zai same ka a gida da dare da tayin kuɗin da ya fi albashinka na shekara, don gurbi ɗaya kacal. Wannan mutumin ba bikin kiɗa zai je ba, kuma ranar da ya sulale sunanka ne a kan takardar, makarantarku kuma ta gama samun biza. Ba manya kaɗai ke yi ba. A Yulin 2017 matasa shida 'yan Burundi sun ɓace a birnin Washintan bayan wata gasar ƙera mutum-mutumi ta ƙasa da ƙasa, aka wayi gari mai kula da su yana neman su. Galibi yaro ba ya shirya wannan shi kaɗai, akwai kawu ko ɗan uwa a can da ake magana da shi ta waya, wani lokaci da sanin gida. Ka tambayi kowane gida ko suna da dangi a Turai. Mai son ganin ɗan uwansa ya zo masauki ya gan shi a gabanka, ba a fita da yaro ko nan da bakin titi. Fasfo duka suna jakarka, yaro yana rataye da kati mai ɗauke da sunansa da adireshin masauki da lambarka. A filin jirginmu ma jami'an shige da fice za su tsare ka da tambayoyi in sun ga babba da garken yara, saboda safarar mutane, kuma gaskiyarsu ne. Ka riƙe takardun amincewar iyaye na asali da wasiƙar Ma'aikatar Ilimi ta jiha a jakar hannu.

Yanzu ga masu shirun. Mutanenmu sun san tafiya irin wannan ta hanya ɗaya, wato aikin Hajji, kuma sun san maniyyaci ba ya tashi sai ya yi bita. Da wannan sunan na kira tarona, bitar iyaye, kuma sau huɗu na yi ta. Ka raba zaman iyaye mata da na maza ko da sau ɗaya ne, malama ta jagoranci na matan. Abin da uwa za ta tambaya a can ba za ta tambaye shi a gaban mazan unguwa ba: wa zai kwana da 'yata, ƙofar tana da makulli, in al'adarta ta zo wa za ta gaya wa, da wace shiga za ta yi fareti?

Ka je da amsa a hannu. Ka nemi hoton masaukin tun da wuri. Wasu bukukuwan suna raba yara gidajen mutane biyu-biyu, ni kuwa a tafiyar farko ba na yarda da wannan. Gara a haɗa su wuri ɗaya, mata a ɓangarensu da malamai mata, maza a nasu. Yara mata tara suna buƙatar mata manya biyu, kuma in da hali ɗaya ta zama uwa ce da iyaye suka zaɓa da kansu. Ƙa'idata babba ɗaya ga yara bakwai ko takwas, kuma babu babban da zai keɓe da yaro a ɗaki, ko ni ne. Ka faɗi wannan da bakinka a gaban iyaye kafin wani ya tambaya. Kayan fareti na mata kuma a ɗinka su yadda iyaye za su gani su yarda, da ɗankwali ko hijabi mai launin yunifom, a sa yaran su sa su a gabansu.

Wani uban damuwarsa muharrami ce, wani kuma kiɗan ne kansa bai kwanta masa ba, ya dai ƙyale ne da yake a filin makaranta ake yi. Kada ka zama mai ba da fatawa, ba aikinka ba ne. Ka ba shi jadawalin tafiyar awa bayan awa, ka ce ya kai wa malaminsa. In ya dawo ya ce a'a, ka karɓa hannu biyu, kada kuma yarinyar ta ga canji a fuskarka. Gara a'a a watan Nuwamba da a'a a watan Yuni.

Salla tana buƙatar shiri na musamman, domin Yuli a Holan rana ba ta faɗuwa sai wajen goman dare, isha'i ta kusa tsakar dare, asuba kuma tun wajen uku. Ka gayyato malami ya yi wa yara bayanin kasaru da haɗa salloli. A mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri cika salla zai yi, ku kuwa za ku wuce haka, gara su ji tun a gida. Yaranka Kiristoci, 'yan Billiri da Kaltungo da sauransu, ka nemo musu cocin da za su je ranar Lahadi da wanda zai raka su. Su ma iyayensu suna da tambaya, kada bitar ta zama ta ɓangare ɗaya. Abinci kuma a rubuta wa masu biki tun yanzu cewa babu naman alade, a nemi na halal, in bai samu ba kifi da ƙwai da ganye.

Batun lafiya iyaye suna ɓoyewa, don tsoron kada a ajiye ɗansu. Ka ba su fom a rufe, ka yi alkawarin kai da malama ɗaya kaɗai za ku gani. Sikila nake fi ji. Iskar cikin jirgi kamar ta saman dutse ce mai tsawon wajen mita 2,000, ga bushewa ga sanyi, kuma waɗannan su ne ke tayar da ciwon. Ba cewa na yi a bar mai sikila a gida ba. Likitansa ya duba shi ya rubuta takarda, ya riƙa shan ruwa sosai, ya rufe jiki, kai kuma ka san asibitin da ya fi kusa da masauki. Haka mai asma da mai farfaɗiya, har mai fitsarin kwance, wanda shi sirri kawai yake buƙata da shimfiɗar leda. Allurar shawara a yi ta aƙalla kwana 10 kafin tafiya a karɓi katin nan mai ruwan ɗorawa, tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Zazzaɓin cizon sauro yana iya tashi kuna can, likitan can kuma ba lallai tunaninsa ya fara zuwa nan ba, sai ka ce masa daga Najeriya kuke. Kowane magani ya zauna cikin kwalinsa da takardar likita. Tiramadol da kodin kada su shiga jakar kowa, musamman in za ku sauya jirgi a Alƙahira ko Doha.

Ana gobe tafiya ka bincike jakunkuna a makaranta, uwa tana tsaye. Za ka ga ƙauna iri-iri: kilishi, dambun nama, man shanu a kwalba, rubutu a gora, garin magani a ƙulle cikin leda. Nama da madara da duk abin da aka yi da su ba sa shiga Tarayyar Turai a jakar matafiyi, ƙwacewa za a yi, wani lokaci har da tara. Ruwan da ya wuce mililita 100 ba ya wucewa a jakar hannu. Farin gari marar suna a leda kuwa ka san irin kallon da jami'an NDLEA za su yi masa. Rubutu a sha a gida. Ƙuli-ƙuli da cincin da dabino da yaji a cikin roba mai murfi galibi ba sa jawo magana, kuma za ku gode musu a kwana na uku. Saƙon wani kuma, ko na limamin unguwa ne, ba a karɓa.

Yaran su ma bitarsu ba ta kiɗa kaɗai ba ce. Ka kai su kwana biyu wani wuri tun a zangon farko. Ni Yankari na kai nawa. A nan za ka ga wanda ba ya tashi da wuri, da mai yar da kayansa, da mai kukan gida, da wanda zai faɗa ruwan Wikki bai iya iyo ba don kada a raina shi. Ka ba kowa lamba daga ɗaya zuwa 28, su riƙa ƙirga kansu da baki duk shiga mota da duk fita, har ya zame musu jiki. Ka koya musu abubuwan da ake jin kunyar faɗa: banɗakin zama, rashin buta (kowa ya tafi da ƙarama tasa), kada a jiƙa daɓen banɗakin jama'a wurin alwala, bin layi, rage murya a jirgin ƙasa, kada a ɗauki hoton mutum ba izini. A Holan hanyar kekuna daban take, kuma mai keke ba ya tsammanin zai tarar da yaro tsaye a kanta. Lambar neman agaji 112 ce. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu ne zagayayyu, cajarmu ba ta shiga sai da mahaɗi.

Turaren wuta kuma a bar shi a Gombe. A Jamus, dare na biyu, 'yan matana suka ga ɗaki yana warin da ba su saba ba, ɗaya ta fito da ɗan kasko da gawayin da ta ɓoye cikin safa. Minti biyar ba a yi ba ƙararrawar gobara ta ɗauka. Aka fito da kowa tsakar gida cikin kayan barci, mu da yaran wasu ƙasashe uku, ga motar kashe gobara da fitilunta. Washegari na sa hannu a takardar biyan kuɗin da ban sa a lissafi ba. Laifina ne, ban taɓa gaya musu abin da ɗan farin faifan nan na jikin silin yake yi ba.

Sai kayan kiɗa. Jaka a jirgi galibi kilo 23 ce, kuma akwai iyakar girma, babbar ganga tana wuce ta. Ka tambayi masu biki ko za su ara muku manyan ganguna da manyan kayan busa a can, yawanci suna yi, ya kuma fi arha. Bigila da sarewa da sauran ƙanana kowa ya riƙe nasa a hannu. A rubuta jerin kayan duka da lambobinsu da hotonsu, kwastan su buga hatimi kafin ku fita, don kada a ce sababbi kuka sayo ranar dawowa.

Shawarata ku tafi da kayan gida. Makarantun da za ku tarar sun fi ku kayan busa masu tsada, kuma tun suna ƙanana suke karanta kiɗa a takarda. Amma babu mai kalangu a cikinsu, babu mai algaita. Minti uku na kalangu a tsakiyar fareti shi za a tuna da ku. Kakaki dai na sarakuna ne, kada yaran makaranta su ɗauke shi sai an nemi izini a fada. Sai dai kayan gida suna da nasu sharaɗin. Fatar da ba a jeme ba tana iya ɗaukar cutar saifa ta dabbobi, wadda likitoci ke kira antiraks. A 2006 wani makaɗi a birnin Niyok ya kamu da ita daga fatun da ya shigo da su daga Kwaddibuwa, shi ya sa jami'ai ke duba ganga mai gashi a jiki da idon zargi. A kankare gashin tas, fata ta zama tsaf, ɗanyar fata ta canji kuma kada a ɗauka. Goge ya fi wannan matsala, domin fatar guza ake rufa masa, guza da damo kuwa suna cikin jerin yarjejeniyar CITES ta kare namun daji, fitar da fatarsu sai da izinin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Mafi sauƙi ka sa mai haɗawa ya rufa muku ɗaya da fatar akuya.

Yanayi ma zai taɓa sautinku. Gangar da aka ɗaure a bushewar Gombe tana saki in ta sha laimar Turai, ta koma kamar ana dukan katifa. A gida rana muke sa ta ko mu kara ta a wuta, a can na'urar busar da gashi za ka nema. Kayan busa kuma sautinsu yana sauka in sun yi sanyi, yara su riƙa hura musu iska mai ɗumi kafin a shiga fili. Minti nawa aka ba ku, ku tsaya a kansa daidai, can ba a ƙara wa kowa don ya burge. Takalmin fareti a fara sa shi wata biyu kafin tafiya, domin titunan tsofaffin garuruwansu na jeren duwatsu ne, sabon takalmi zai yi wa yaro kanta tun kilomita ta farko. Ka kuma aika musu da taken ƙasarmu da kanka. An koma tsohon take na 1960 a watan Mayun 2024, kuma ba abin mamaki ba ne su sa wanda aka daina.

Kuna can, saƙo ɗaya a rana ya ishi iyaye: hoto ɗaya da kowa ya fito a ciki, da layi biyu, a zauren WhatsApp da kai kaɗai ke iya rubutu. In ka bar shi a buɗe, yaro ɗaya ya ce wa uwarsa bai ci abinci ba, kafin azahar labari ya zaga Jekadafari cewa yunwa tana kashe yara a Turai. A Yuli agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya, a sa lokacin kiran gida bayan cin abincin dare, daga nan wayoyi su kwana a hannun malamai.

Ranar dawowa kada ka ce iyaye su tarye ku a filin jirgin Lawanti. Jirgi yana makara, jama'a su cika wurin, wani ya ja ɗansa ya tafi ba ka gani ba, kai kana can kana neman gangar da ba ta fito ba. A kai kowa makaranta, a yi ƙirga na ƙarshe, wanda sunansa ke kan fom shi zai sa hannu ya karɓi yaro da fasfonsa. Wanda aka aiko direba ko yayansa ya jira sai ka ji muryar uban a waya. Cikin mako biyu kuma ka kira taro ka karanta lissafin kuɗi da rasit a hannu, har na motar kashe gobara in ta kama.